Masarar Inna Ta Je Neman Miji a Badun

Duk wanda ya gan ni a tashar Kano ran nan, hannuna manne da ƙugu, zai rantse kuɗi na ɓoye. Ɓarayin tashar ma haka suka ɗauka, don sai goga ta suke yi a cikin cunkoso. Da sun yi nasara da sun sha haushi, domin masara ce ƙulle a tsumma, an ɗinke ta a ƙugun wandona.

Masarar gugguru ce ta Inna, mahaifiyata. Ƙwayarta ƙarama ce, ja da rawaya, mai tsini. Kakata ce ta zo da ita daga wajen Mayahi, kuma tun lokacin ake shuka ta a bayan gidanmu a Hawandawaki. Inna na soya ta a kasko da rairayi mai zafi ta kai kasuwa, da ita ta riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu. To, a 'yan shekarun nan masarar ta lalace. Kara ba ya wuce ƙugu, goyon kuwa bai fi yatsa ba. Maƙwabtan da suka saba karɓar iri a wurin Inna duk suka watsar da ita, har ya zamana babu mai ita a garin sai mu.

Wani malamin gona daga Tasawa, Malam Sanusi, shi ya duba ta, ya tambayi Inna yadda take ajiye iri. Ta ce yadda uwarta ke yi: ta zaɓi goyon da ya fi kyau, ɗaya ko biyu, ta rataye a ɗaki.

"To nan ciwon yake, Inna," in ji shi. "Kowace shekara ɗiyan uwa guda kike aurar ma juna. Jininsu ya zama guda, ya gaji. Sai an samo mata miji daga nesa, kuma mai gugguru irinta. In kika haɗa ta da masarar tuwo, ta bar hwashewa ke nan."

Inna ta yi dariya har da riƙe ciki. "Yo ni da ban samu na aurar da Auta ba, masara za ni aurarwa?"

Ni ne Autan. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har kolej, ba ni da aiki sai zaman bakin kasuwa, kuma ina da taurin kai irin wanda in aka ce abu ba zai yiwu ba, ranar nake fara son sa. Malam Sanusi ya ce a Najeriya akwai masu haɗa irin da suke kira mai aure, wanda mu muka karanta da sunan ibrid. Na nace sai na je. Inna ta raba irin da ya rage gida biyu, ta riƙe rabi, ta ɗinke mini rabi a wando.

A kasuwar masu sayar da iri ta Kano ban gama gaisuwa ba aka gane ni. Ina cewa "lahiya lau," wani mai farar shadda ya taso ya rungume ni kamar mun sha nono ɗaya. Ya ce sunansa Ɗanlami, kakarsa ma 'yar Maraɗi ce. Na kwashe labari tun daga kakata na ba shi, shi kuwa yana ta gyaɗa kai, har da su "Allah sarki, Inna." Ya shiga wani lungu ya fito da leda mai ƙyalli, da hoton masara a jiki da rubutun Ingilishi da ban iya karantawa ba. Ƙwayoyin ciki an shafe su da jan magani.

"Ga mijin nan, ɗan'uwa. Daga ƙasar waje aka kawo shi. Don kai ne, wallahi da wani ne ba zan fito da shi ba."

Na biya na fita ina taku kamar an naɗa ni sarauta. A teburin wani mai shayi bakina ya ƙi shiru, na fito da ledar ina nunawa. Mai shayin ya karɓi 'yan ƙwayoyi ya wanke a kofi, jan ya fita, ya zuba su a murfin gwangwani ya ɗora a wuta. Muka zuba ido. Suka yi baƙi, suka yi hayaƙi, ko ɗaya ba ta fashe ba.

"Malam, wannan ai masarar koko ce aka yi wa kwalliya," in ji shi.

Da na koma, babu wanda ya taɓa jin sunan Ɗanlami. Rumfar ma ba tasa ba ce, mai ita ya tafi salla ne. Dattijon da ya dawo ya saurare ni, ya ce su masarar abinci suke sayarwa, masu haɗa irin gugguru na gaskiya suna can kudu wajen Badun, kuma shawararsa ita ce in koma gida. Kunyar komawa ta fi mini tsoron ci gaba nauyi. Daga ranar na ƙudurta cewa babu wanda zai ƙara jin labarin masarar Inna, balle ya taɓa ta, kuma duk wanda ya yi mini murmushi sai in ga fuskar Ɗanlami.

Kuɗin mota ya bi mai farar shadda, don haka na nufi inda ake lodin shanu zuwa kudu, ko wani zai ɗauke ni a bakin aiki. Can na ji wani yana faɗa da direba da Hausar gida. Buba ne, wani dogon Bafulatani daga Isawan, gemunsa ya fara furfura, shi ke raka shanun wani ɗan kasuwa. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai ɗan ina ne?"

"Hawandawaki, Baffa."

"To hau. In saniya ta kwanta ka tashe ta. In ka bari aka take ta, ni da kai ne."

A kan katako muka yi tafiyar, sama da ƙahonin shanu. Rana ta gasa mu, ruwa ya wanke mu, in wata ta durƙusa in sauka cikin kashi in ja wutsiya har ta miƙe. Alkawarin da na yi wa kaina na yin shiru bai kai Kaduna ba, don mutumin gida daban ne. Na gaya wa Buba abin da ke ƙuguna, ina jiran dariya, amma bai yi ba.

"Mu ma haka ne ga shanu," in ji shi. "In bajimi guda ya daɗe cikin garke shina hawan ɗiyanshi, maruƙan sai su riƙa hitowa sirara, ba su kai ƙarshen rani. Aron bajimi muke daga wani garke." Ya tauna goro, ya ƙara da cewa, "Amma ban taɓa jin wanda ya kai saniya Badun neman bajimi ba. Kai dai ɗan lakwal ne na gaske."

Bayan mun ƙetare babban kogi, a wani shinge, masu kaki suka sauke mu. Ɗaya ya laluba ni ya ji ƙulli. Nan take fuskarsa ta canza, ya kira 'yan'uwansa, aka sa reza aka farke ɗinkin Inna. Sun zaci ƙwaya ce ta maye. Da ya zazzage a tafinsa ya ga masara, sai suka fashe da dariya. Ya jefa kaɗan a baki, ta ƙi tauno, ya tofar, ya karkaɗe hannunsa a kan kwalta. Ban san lokacin da na durƙusa ba. Fitsarin shanu na tsiyaya daga motar, ina tsinta a cikinsa, direba na ta danna oda. Da na ɗaga kai sai na ga Buba ma a durƙushe, mutum mai furfura, yana tsintar ƙwaya ɗaya-ɗaya yana sa mini a hula. Abin da muka tsinto bai kai abin da aka zubar ba. Na yi kuka a kan katakon nan, shi kuwa ya juya baya yana kallon daji har na gama.

Badun gari ne da ba shi da iyaka, rufin kwano mai tsatsa daga wannan tudu zuwa wancan. Buba ya damƙa ni ga wani mai masauki a Sabo, unguwar Hausawa, ya juya arewa. Na kama dako a kasuwa. Faransancin da na sha bulala a kansa bai saya mini ko ruwa ba, sunana kuma ya koma Mala, kamar na kowane ɗan arewa. Zufa ba ta bushewa a jiki, abinci duk manja da barkono, ina mafarkin fura ido biyu. Abin da ya fi damuna shi ne rashin ganin nesa. A garinmu in mutum ya taso kana hango shi tun yana ɗan ɗigo, ka san ko wane ne kafin ya iso. A nan itatuwa da gidaje sun rufe ko'ina, sai dai mutum ya faɗo maka kwatsam.

Wata safiya na ji tsumman masarar yana warin ruma. Na kwance, na ga wasu ƙwayoyin sun yi farin gashi. A wurinmu iri zai shekara a rataye ba abin da zai same shi, ban taɓa sanin iska kanta tana jiƙa abu ba. Da rana ta ɗan leƙo na shanya su a kan kwali a gefen kasuwa, na tsuguna ina gadi kamar kaza a kan ƙwai. Kusa da ni akwai wata Bayarbiya mai sayar da gugguru da gyaɗa, kowa na ce mata Iya. Ta miƙo hannu ta ɗauki ƙwaya ɗaya, saura kaɗan in buge hannun. Ta juya ta, ta dube ni, ta ce, "Guguru?" Na gyaɗa kai. Sai ta juye gyaɗar da ke cikin wata kwalba, ta goge ta tas, ta taya ni ware ruɓaɓɓun, muka zuba sauran ta murɗe murfin. Na fito da canji, ta ture hannuna tana faɗa da Yarbanci. Wani maƙwabcinta mai jin Hausa ya fassara mini: ta ce in mayar da kuɗina, kuma ƙaninta yana aiki a wata gona bayan gari inda ake haɗa irin wannan masarar, in ina so zai kai ni.

Aikin farko da aka ba ni a gonar shi ne kashe baƙo. Ka bi layi, duk karan da ya fi sauran tsawo, ko ya gaza su, ko ganyensa ya bambanta, ka tumɓuke shi. Masarar tana tsaye kai ɗaya kamar sojoji. Ni da na taso inda hatsi da wake da yakuwa ke zaune a gona ɗaya, kowa da halinsa, abin ya tsaya mini a rai, amma na yi.

Aiki na biyu shi ne cire fure. A can na koyi cewa furen da ke fitowa a ƙolin kara shi ne namiji, gemun da ke fitowa a bakin goyo shi ne mace, kuma garin furen ne ke sauka a kan gemu kafin ƙwaya ta samu. Ana shuka layuka na iri ɗaya a matsayin mata, a sa layin wani iri a tsakani a matsayin miji. Da zarar furen matan ya leƙo sai mu fizge shi, don kada su auri kansu. Shugaban leburori, wanda muke ce wa Oga, yana bin mu da ihu. Ya sa aka gaya mini da Hausa cewa fure ɗaya in aka bari an ɓata gona duka, kuma a gabana ya kori wani a kan haka. Abin ya shiga jikina har ya zama ko tafiya nake in na ga fure sai hannuna ya motsa.

Mai tsara auren duka wata mace ce, 'yar ƙarama, cikin takalmin roba da faffaɗar hula, ana ce mata Dokta. A Zariya ta tashi. Ta ji ni ina zagin wani kara da Hausa, ta amsa mini, na kusa faɗuwa don kunya. Daga nan muka saba, tana tsokanata wai Hausarta ta fi tawa, ni da nake cewa "tahi." Ranar da ta tambayi abin da ya kawo ni tun daga Nijar, na daɗe ina juya maganar kafin na ɗauko kwalbar. Ta zuba kaɗan a tafinta, idanunta suka yi haske, kuma hasken nan ne ya tsorata ni.

"Ka ga iyayen nan da muke haɗawa?" in ji ta. "Kowanne mun tilasta masa ya auri kansa shekara da shekaru, har ya zama kamar ta Innarka, gajere, ba ƙarfi. Amma in ka haɗa raunana biyu da ba su da dangantaka, ɗansu sai ya fi su duka. Damuwata ita ce nawa kusan duk dangin juna ne, daga kakanni kaɗan suka fito. Bare nake nema ido rufe. Wannan ta san fari, ta san rairayi, abin da nawa ba su sani ba. Ba ni kaɗan in ajiye a ɗakin sanyi, ko da wani abu zai faru."

A gidanmu ba a hana iri. Ko wadda Inna ba ta ga maciji da ita, in ta zo neman iri za ta tafi da shi a gefen zane. Amma ni a lokacin gyaɗa kan Ɗanlami nake gani, ga kuma wani lebura da ya taɓa raɗa mini cewa masu ilimin nan karɓe abin talaka suke su sa masa sunansu. Na miƙa hannu, ta juye mini ƙwayoyin, na rufe kwalba.

"Amana ce, Dokta," na ce.

Ba ta yi fushi ba. "Na gane. To mu yi a gabanka, da hannunka."

A can damina biyu suke yi a shekara. Da ta biyu ta kama, Dokta ta ba ni ɗan fili a ƙarshen wurin gwajinta, nesa da manyan gonaki, ta sa aka shuka mijin da ta zaɓa a gefensa, rana ɗaya da tawa. Na yi shuka yadda na gada. A rairayinmu kana zuba ƙwaya da yawa a rami, don ka san zafi zai ci wasu, tsuntsu da ɓera su ci wasu. Haka na yi har kwalbar ta ƙare. Ƙasar can kuwa ba ta cin komai, duk suka fito a cunkushe, kuma dole aka sa ni na rage su da hannuna, na bar ɗaya ko biyu a rami. Na gwada dasa waɗanda na cire, suka mutu. Da Dokta ta ji babu ko ƙwaya da ta rage a kwalba, sai ta ce, "Allah ya sa mu dace."

Da farko kamar mun dace. Masarar Inna ta sami ruwa da taki ta miƙe, ta yi kore, ta wuce ƙirjina, abin da ban taɓa gani ba. Na kira yayata Rabi, wadda ke da waya a gidan, na ce ta gaya wa Inna an sa rana. Na jiyo muryar Inna daga nesa tana dariya tana cewa, "Ce mishi ya gaida surukai."

A tsakanin nan aka kira Dokta wata gonarsu a wata jiha. Ta duba mijin, ta ce fure da saura, za ta dawo kafin lokaci. Da lokacin nata irin ta yi lissafi, ni kuma ban ga abin gyarawa ba. Ashe masarar Inna ba ta san doguwar damina ba. Inda ta fito, wanda bai yi sauri ba ruwa zai ɗauke ya bar shi, don haka gaggawa ce a jininta. Wata safiya na zo na ga fure yana leƙowa a kawunansu, mijin kuwa ko alama. Hannuna ya yi abin da aka koya masa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na fizge, na sake zagayawa washegari na cire waɗanda suka makara, na zubar a kwari ruwa ya tafi da su. Har daɗi na ji, ina cewa Oga kansa ba zai sami ko ɗaya ba.

Gemu ya fito, fari-fari mai danƙo, kyakkyawa, yana jira. Kullum da safe sai in buɗe kan mijin in leƙa, babu komai sai ganye. Na roƙi Oga ya kira Dokta, ya ɗaga mini hannu, ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Jira, Mala, jira." A duk gonar babu masarar gugguru ɗaya da ta yi fure, domin tare aka shuka su kuma duk masu jinkirin fure ne. Na shiga ƙauyukan kusa a ƙafa ina leƙen gonakin mutane, har na sami wani tsoho da masararsa ta abinci ke zubar da gari, rawaya a kan ganye. Ya fahimci abin da nake so, ya nuna mini in ɗiba. Na tsaya na tuna maganar Malam Sanusi, cewa in ta haɗu da masarar tuwo ta daina fashewa. Na yi wannan tafiya duka don in kai ta ga wanda zai kashe abin da ya sa ake son ta? Na gode masa na juya. Da bakin gemun ya fara yin ja ya koma ruwan ƙasa, hankalina ya tashi, na ruga wurin tsohon, ko wane miji ne a ba ni. Na tarar furensa ya bushe. Na karyo na kawo na karkaɗa a kan gemun duk da haka, na san babu abin da ke zuba.

Mijin Dokta ya yi furensa lokacin da ya ga dama, manya-manya, gari na tashi a iska, gemun masarar Inna kuwa ya riga ya ƙone. A makon ne Dokta ta dawo. Ta ɓare goyo ɗaya, sai totuwa fara fat, kamar dasashin jariri. Ta ɓare na biyu. Muka bi su duka, ni da ita.

"Ko fure ɗaya ba ka bari ba?" ta tambaya.

"Ku kuka ce in aka bar guda an ɓata gona."

Ta zauna a ƙasa da fararen kayanta. "Ni ce ban tambaye ka saurinta ba. Da ka bar su, da ta auri kanta, mu sami iri mu sake gwadawa." Ba ta ambaci ɗakin sanyi ba, ko a ranar ko bayanta, kuma da ta zage ni a kai da ya fi mini sauƙi.

Abu ɗaya ya riƙe ni a tsaye: rabin da ke wurin Inna. Na ce zan koma in faɗi gaskiya, in sha dariyar gari, in roƙi ko cikin cokali in kawo wa Dokta. Na kira Yaya Rabi don in share hanya. Ta ɗauka, muka gaisa, na ji muryarta ba daidai ba.

"Auta, dama Inna ce ta ce kar a hwaɗa maka, kar hankalinka shi tashi cikin baƙin wuri. Ruwan hwarko ta shibka, ta hito, sama ta ɗauke, ta ƙone. Ta sake shibka sauran da ruwa ya dawo, ita ma ba ta kai ba. Bana ko goyo guda ba mu gani ba. Amma ta ce ba komi, tunda naka na nan."

Kafin in sami bakin magana Inna ta karɓi wayar.

"Auta, ka ji abin da ya hwaru ko? Kar ka sa ma ranka komi. Allah ne ya sa muka raba. Ya amarya?"

"Tana nan, Inna."

"Ta yi goyo?"

"Ta yi."

"Alhamdu lillahi. To ka taho mini da ita kahin ruwa. Ko ba ta yi yawa ba, ka taho."

Na ce to. Har yau ban san wanda ya faɗi kalmar nan da bakina ba.

Da aikin gona ya ƙare Dokta ta ba ni ƙullin irinta mafi kyau, ta ce ba madadi ba ne, kuma ba ta tabbata zai jure ƙasarmu ba, ga shi in aka ajiye 'ya'yansa aka sake shukawa za su fito barkatai. Na karɓa don kada in ƙi ta sau biyu. Inna kuwa ko a duhu ta taɓa shi za ta san ba nata ba ne. Na koma Sabo, Iya ta ɗauke ni ina soya mata gugguru da masarar buhu, fara, manya, ba ta da ƙamshin komai. Ruwa ya sauka a gida ban je ba, na ce aiki ya riƙe ni. Yaya Rabi ta gaya mini Inna ta share bayan gida ta zuba taki, ta hana a sa ko kuɓewa a wurin, wai wurin amarya ne. Haka ya wuce damina babu komai a cikinsa sai ciyawa, ita ma tana cire ta.

Mutum ɗaya na faɗa wa gaskiya, Buba, da ya kawo shanu. Ya saurara har ƙarshe, bai ce na yi wauta ba, bai kuma ce ban yi ba. Na roƙe shi, tunda yana yawon kasuwanni, ya tambaya mini a Isawan da Mayahi da Maireyrey, ƙasar da kakata ta fito, ko akwai wata tsohuwa da ta rage da irin ko a ƙasan tukunya. Ya ce zai yi. Na zauna da wannan ɗan zaren ina jira, duk motar shanun da ta shigo sai na je na duba.

Da ya dawo na hango shi yana saukowa daga kan katako, na je na karɓi sandarsa. Ya nemi ruwa ya sha, ya wanke fuska, ya tambayi lafiyar Iya. Na gane tun daga nan, amma na tambaya.

"Na bi, Auta," in ji shi. "Ba kasuwar da ban tsaya ba. Tsohin mata duk sun san ta. Ina cewa ja da rawaya mai tsini, sai su ce ai da ita suka tashi, su dai sun daɗe da bari. Kowace sai ta kama hannuna ta ce, 'Kar ka wahal da kanka, ɗana. Tahi Hawandawaki, akwai wata tsohuwa can, ita kaɗai ta riƙe ta. In ka roƙa za ta ba ka, ba ta hana kowa.'"